In Tsoho Ya Faɗi, Wa Zai Ji?

Yaro in ya faɗi, sai ya tashi ya kakkaɓe riga ya koma wasansa. Tsoho kuwa in ya faɗi, sau da yawa daga nan kwanciya ke somawa, wani ma ba ya sake taka ƙasa da ƙafarsa har ya koma ga Mahaliccinsa. Babu garin da ba a san irin wannan labari ba. Za ka ji ana cewa wance lafiyarta ƙalau, tana kaɗi tana tankaɗe, sai ranar da santsi ya kwashe ta a makewayi. Duk da haka ba mu saba sa faɗuwa cikin lissafin cututtuka ba, kamar yadda muke lissafa zazzaɓin cizon sauro da sanƙarau da ƙyanda. Mukan ce tsautsayi ne, mu yi jaje, mu wuce.

A ƙasashen Turai da Amurka an ƙera wata ƴar na'ura da tsoho ke ratayawa a wuya ko ya ɗaura a hannu. In ya faɗi takan gane, ta kira masa agaji da kanta, ko da ya suma. Yanzu da wayar salula ta bazu birni da ƙauye a ƙasarmu, ya kamata mu san wannan na'ura, mu san abin da take iyawa da abin da ya fi ƙarfinta, kana mu auna ta da zaman mutanen karkara. Mun ɗauki Yekuwa, cikin gundumar Magarya ta jahar Damagaram, ta zama ma'auninmu.

Abin da ƙididdiga ta nuna

Hukumar Lafiya ta Duniya, watau OMS, ta bayyana a shekarar 2021 cewa mutum kimanin 684,000 ke rasa ransu kowace shekara sanadiyyar faɗuwa. In aka ɗebe haɗarin hanya, babu wani haɗari da ke cin rayuka kamarta. Fiye da 80 cikin 100 na waɗannan mace-mace a ƙasashe matalauta da masu matsakaicin ƙarfi suke aukuwa, kuma waɗanda suka haura shekara 60 su ne suka fi yawa a ciki. Tun a 2007 hukumar ta nuna cewa cikin kowane mutum 100 masu shekara 65 zuwa sama, 28 zuwa 35 kan faɗi kafin shekara ta zagayo. In sun wuce 70, adadin yakan kai 32 zuwa 42.

Nijar ƙasar yara ce. Kusan rabin jama'arta ba su kai shekara 15 ba, masu shekara 60 zuwa sama kuwa ba su cika 5 cikin 100 ba. Wannan ne ya sa ba a cika jin maganar tsofaffi a tarurrukan kiwon lafiya ba. Amma kaɗan cikin masu yawa ba kaɗan ba ne. Ƙidayar jama'a ta 2012 ta samu mutum 577,743 a gundumar Magarya, da 353,867 a gundumar Dungas, wadda aka cire daga jikin Magarya a 2011. Ko da 4 cikin 100 kawai aka ɗauka, lissafi zai ba da dattawa fiye da 37,000 a gundumomin biyu, tun a wancan lokaci. Dubbai daga cikinsu za su faɗi a bana, kamar yadda dubbai suka faɗi bara.

Sa'ad da gida ke zama wayam

Mai karatu zai iya cewa tsohon Bature ne ke zaune shi kaɗai a bene, namu kuwa yana tsakiyar ƴaƴa da jikoki. Akwai gaskiya a nan, kuma arziki ne da ya kamata mu riƙe da hannu biyu. To, amma a dubi yinin gida a Yekuwa da ƙauyukanta. Da damina, daga hantsi zuwa la'asar duk mai ƙarfi yana gona, mata suna kai abinci, yara suna kiwo. Ranar kasuwa gari kan kwashe. Da kaka ta wuce, samari sai su kama hanyar cin rani. Yekuwa tana bakin iyaka, saboda haka wasu kan gangara Daura da Kano har Legas, wasu su yi arewa zuwa Agadas da Libiya. A yankin Kance da Magarya har mata da ƙananan yara kan tafi Aljeriya neman abin kai wa baka. Wa aka bari a gida? Tsoho da tsohuwa, da jikan da bai iya magana ba.

Ko gida na cike, akwai sa'ar da tsoho ke shi kaɗai, watau tsakar dare da gabanin asuba, in ya fita kama ruwa cikin duhu. Abubuwan da ke kayar da shi kuwa sanannu ne: dokin ƙofa mai tsawo, turke da igiyar akuya a tsakar gida, santsin makewayi, ramin da ruwan sama ya ci, bakin tabarma da ya naɗe, silifa da ya sake. Daga cikin jiki kuma akwai yanar ido, da jirin da ke ɗibar mutum in ya miƙe da sauri, da hawan jini, da ciwon suga, da ƙarancin jini, da raunin ƙafafu. Wasu magunguna ma, musamman na barci da na hawan jini, sukan ƙara jiri in ba a daidaita su ba.

Daɗewa a ƙasa

Likitoci sun daɗe da lura cewa lahanin faɗuwa kashi biyu ne. Akwai raunin da aka ji nan take, kamar karayar ƙugu ko buguwar kai. Akwai kuma lahanin daɗewa a ƙasa babu mai ɗagawa, wanda sau da yawa ya fi na farko muni. Wanda ya yi awoyi kwance a wuri ɗaya, ruwan jikinsa yakan ƙare, fatarsa ta yi gyambo inda ƙashi ya danne ta, naman da aka kwanta a kai ya lalace ya zuba dafi cikin jini har ya taɓa ƙoda. Da hunturu sanyi ya shige shi, ciwon haƙarƙari ya biyo baya. Da bazara kuwa, sa'ad da zafi ke wuce digiri 40, awa biyu a rana ta isa ta gama da mai rauni.

A 1981 wasu likitoci a birnin Barmingham na Ingila sun bi sawun tsofaffi 125 da suka faɗi a gidajensu. Cikin waɗanda suka wuce awa ɗaya a ƙasa, rabi sun rasu kafin wata shida. A 2008 kuma an buga wani bincike da aka yi a Kembirij kan mutum 110 da suka haura shekara 90. Cikin waɗanda suka faɗi, 80 cikin 100 sun taɓa kasa tashi da kansu, 30 cikin 100 kuma sun yi awa ɗaya ko fiye a ƙasa. Ke nan abin da ake tsere da shi lokaci ne, watau tazarar da ke tsakanin faɗuwa da isowar mai taimako. Domin rage wannan tazara aka ƙirƙiro na'urar da muke magana.

Asalin na'urar

A farkon shekarun 1970 wani jami'in asibiti a arewacin Jamus, Wilhelm Hormann, ya kawo dabarar haɗa gidajen tsofaffi da marasa lafiya da wani ofishi ta hanyar wayar tarho. A Amurka kuma wani malamin jami'a a Bostan, Andrew Dibner, shi da matarsa Susan suka kafa kamfanin Lifeline a 1974. Tsarin mai sauƙi ne. Ana ajiye akwati a gida a haɗa shi da tarho, tsoho ya rataya maɓalli a wuya. In ya danna, kira ya tafi ofishin da ba a rufewa dare da rana. Ma'aikaci ya yi masa magana ta lasifikar akwatin, in ya ji da matsala ya kira maƙwabcin da ke riƙe da makullin gidan, ko ɗansa, ko motar asibiti. A Faransa, asusun kula da lafiyar manoma na cikin waɗanda suka kafa irin wannan hidima mai suna Présence Verte a 1987, domin tsofaffin karkara.

Sai dai maɓalli yana buƙatar mai dannawa. Wanda ya suma ba zai danna ba, haka wanda ɓarin jikinsa ya shanye. Binciken Kembirij ya nuna wani abin mamaki kuma: yawancin tsofaffin suna da maɓallin, amma a mafi yawan faɗuwar ba su yi amfani da shi ba. Wani bai rataya ba, wani yana son ya tashi da kansa don kada ya dami mutane, wani kuwa tsoron a kwashe shi zuwa asibiti yake yi. Wannan hali ba baƙo ba ne gare mu. Dattijon Bahaushe mai kunya da kara ya gwammace ya yi ta nishi shi kaɗai da a ce surukarsa ta gan shi kwance a makewayi.

Saboda haka masu ƙira suka nemi na'urar da za ta yi kira ba tare da an taɓa ta ba. A 2010 kamfanin Philips, wanda ya sayi Lifeline a 2006, ya fitar da abin wuya mai gane faɗuwa da kansa. A 2018 kamfanin Apple ya sa wannan fasaha cikin agogonsa na hannu, wasu kamfanoni suka bi baya. A 2022 gwamnatin Faransa, inda a lokacin aka ƙiyasta faɗuwa na kashe tsofaffi wajen 10,000 a shekara, ta sa yaɗa irin wannan hidima cikin shirinta na yaƙi da faɗuwa.

Yadda take gane an faɗi

A cikin na'urar akwai wani ɗan ma'aunin motsi da bai fi ƙwayar dawa girma ba. Irinsa ne ke cikin babbar wayar salula, wanda ke juya hoto in an kwantar da ita. Yana auna fizgar jiki ta fuska uku, sama da ƙasa, gaba da baya, dama da hagu, sau da yawa cikin kowace daƙiƙa. Wasu na'urorin suna da ma'aunin juyi, mai gane karkatar jiki, da ma'aunin nauyin iska, mai gane cewa mutum ya sauko daga tsaye zuwa ƙasa, domin nauyin iska yakan ɗan ƙaru in an yi ƙasa.

Wata ƴar kwamfuta a ciki tana jiran alamu huɗu su zo a jere. Ta farko, nauyin jiki ya ɓace na ɗan ƙiftawar ido, kamar yadda nauyin guga ke barin hannu in igiya ta kuɓuce. Ta biyu, a ji bugu mai ƙarfi. Ta uku, jikin da ke tsaye ya koma kwance. Ta huɗu, motsi ya ɗauke. In waɗannan suka haɗu, na'urar takan yi ƙara ta tambayi mai ita ko lafiya. In ya amsa, shi ke nan. In ya yi shiru, ta yi kira. Agogon Apple, alal misali, yakan jira kamar minti ɗaya, in bai ji motsi ba ya kira ma'aikatan agaji, ya kuma aika wa dangi saƙo mai nuna inda mutumin yake. Akwai kuma irin da ake kafawa a bangon ɗaki, mai lura da motsi ba tare da an rataya kome ba.

Inda take kuskure

Kuskurenta iri biyu ne: ta yi shiru an faɗi, ko ta yi kururuwa ba a faɗi ba. Da fari akan gwada irin waɗannan na'urori da samari ne, suna faɗawa kan katifa da gangan, sakamako ya fito da kyau. A 2012 wasu masu bincike na Italiya da Jamus suka ɗauki dabarun lissafi 13 da aka wallafa, suka gwada su da faɗuwa 29 ta gaske da aka naɗa a jikin marasa lafiya. A tsakaice 57 cikin 100 kawai suka gane, wadda ta fi ƙwazo kuma ta tsaya wajen 83. An samu ci gaba tun daga lokacin, amma har yau kamfanonin da kansu suna gargaɗi cewa na'urar ba ta gane kowace faɗuwa. Wadda ta fi kuɓuce mata ita ce ta sannu, watau tsoho ya ji jiri, ya dafa bango, ya sulale ƙasa ba tare da bugu ba.

A nan ne zamanmu ya bambanta da na waɗanda aka ƙera wa na'urar. Tsohon Turai kan kujera yake zama, kan gado yake kwana, saboda haka ganinsa a ƙasa alama ce ta matsala. Tsohon Yekuwa kuwa a tabarma yake zama, a nan yake cin tuwo, a nan yake kishingiɗa, kuma sau biyar a yini yana ruku'u da sujada. Tsohuwa tana daka da sussuka, dattijo yana faskare, yana hawa amalanke ko kabu-kabu a hanya mai gargada. Duk waɗannan motsi ne masu fizga da bugu. Na'urar da ba a gwada ta da irin wannan rayuwa ba, babu mai ba da tabbacin za ta bambance sallar walaha da faɗuwa. In kuwa ta kira mutane daga gona sau uku a banza, ranar da abin ya zama gaske ba mai ajiye hauya.

Har ila yau, na'urar da aka tuɓe ba ta da amfani. Wurin wanka da alwala nan ne santsi ya fi yawa, nan ne kuma aka fi cire abin wuya da agogo. Dole ta zama wadda ruwa ba ya ɓata ta. Ta fuska ɗaya dai muna da sa'a: tsofaffinmu sun saba da rataya carbi da laya da jakar goro, ɗaukar abu a wuya ba zai zame musu baƙon abu ba.

Kuɗi, wuta, da mai amsa kira

Agogon Apple na 2018 ya fito kan dalar Amurka 399, watau fiye da jika 200 na sefa, ga shi sai an haɗa shi da waya mai tsada, ga caji kusan kullum. A Faransa hidimar ofishin kira takan ci kamar yuro 20 zuwa 30 a wata, kimanin jika 13 zuwa 20, alhali mafi ƙarancin albashi a Nijar jika 42 ne tun daga 2024, manomi kuwa ba ya da albashi. Yawancin ƙauyuka ba su da wutar Nigelec, a shagon mai faifan hasken rana ake kai waya caji. Rezo ma yakan zo ya ɗauke, a bakin iyaka kuma wani lokaci na Najeriya ya fi na gida ƙarfi.

Duk waɗannan ana iya shawo kansu da sannu, domin kayan lantarki kullum araha suke ƙara yi. Babbar tambaya ita ce: in na'urar ta yi kira, wa zai amsa? Lambar 15 ta agajin likita da lambar 18 ta ƴan kwana-kwana a manyan birane suke da tasiri. A ƙauye mai ɗaukar tsoho shi ne ɗansa ko maƙwabcinsa, da amalanken shanu ko babur. Daga nan sai ɗakin shan magani na gari, sai likitar CSI, sai asibitin gunduma a Magarya. Karayar ƙugu mai neman fiɗa kuwa sai Babban Asibitin Damagaram, kusan kilomita 100 daga Magarya. Da yawa ba sa kai wa can, wurin maɗori suke tsayawa.

An yi ƙoƙari a fannin lafiya, ba a musu. Tun 2006 aka ɗauke wa yara ƴan ƙasa da shekara 5 kuɗin magani, aka ɗauke wa mata masu ciki kuɗin awo. Ƙungiyar likitoci ta MSF ta soma aikin ceton yara a Magarya tun 2005. A 2024 gwamnati ta rage kuɗin jinya da rabi a asibitocinta. A wasu gundumomi akan ƙara dala 20 kan kuɗin ganin likita, a tara domin man motar ɗaukar marasa lafiya. Amma jerin 2006 bai haɗa da tsofaffi ba, kuma sarƙar da za ta ɗauko dattijo daga tsakar gidansa zuwa gadon asibiti tana da giɓi tun daga zoben farko. Na'ura ba ta ɗaga mutum, ba ta ɗaure karaya. Aikinta ɗaya ne, ta sanar. Darajarta daidai take da darajar mutanen da ke bayanta.

Abin da za a iya yi tun yau

To, jama'a, ba sai mun jira jirgi ya sauke mana na'ura ba. Hikimar da ke cikinta, watau a sani da wuri a zo da wuri, muna iya gina ta da abin da ke hannunmu.

Na farko, a san su. Maigari da liman da wakilin kiwon lafiya na gari, wanda ake kira rele, su zauna su fitar da sunayen tsofaffin da ke kwana su kaɗai ko suke yini su kaɗai. Wannan aiki ne na waɗanda suka yi yaƙi da jahilci: littafi ɗaya, sunan tsoho, sunayen mutum biyu da za a nema, da lambobin wayarsu.

Na biyu, a mai da gaisuwa tsaro. A Jamus wasu akwatunan suna da maɓallin da tsoho ke dannawa kowace rana don a san yana lafiya, in bai danna ba ofishi ya bincika. Mu muna da abin da ya fi wannan daɗi, watau gaisuwar safe da sahun masallaci. Dattijon da ba a gani a sallar asuba ba, a aika yaro kafin rana ta fito. Tsohuwar da aka bari a gida da damina, a ɗora wa wata maƙwabciya leƙa ta da hantsi da azahar. A ambaci sunan mai leƙawa, domin aikin kowa ba na kowa ba ne.

Na uku, a ba su abin kira. Ƙaramar waya mai maɓallai ana iya saita ta yadda danna lamba ɗaya zai kira ɗa ko maƙwabci. A ɗinka mata jaka a rataya a wuya, a sa jika ɗaya ya riƙa kai ta caji. Mai cin rani da ke aiko da kuɗin hatsi, ya haɗa da wannan. Wanda waya ta gagare shi, a rataya masa usur irin na ƴan ƙwallo, a sanar da unguwa ma'anar busarsa. A kuma gaya wa iyayenmu da bakin girmamawa cewa kiran taimako ba abin kunya ba ne.

Na huɗu, a gyara gida, domin rigakafi ya fi magani. A rage tsawon dokin ƙofa, a matsar da turke daga hanyar makewayi, a kafa itace mai ƙarfi da za a dafa a wurin tsuguno, a zuba tsakuwa inda ruwa ke kwanciya. A ajiye tocila da sanda da buta kusa da shimfiɗa. A zamanin Seyni Kunce samariya ta gina azuzuwa ta share gari da aikin gayya, aka kuma horar da ƴan agaji da ungozomai a ƙauyuka. Gayyar yini ɗaya ta isa ta gyara gidajen tsofaffin unguwa guda.

Na biyar, a kai su likita tun ba su faɗi ba. A auna jini, a duba ido, domin yanar ido ana cire ta da ƙaramin aiki. A nuna wa ma'aikacin lafiya duk magungunan da tsoho ke sha, har da na ƴan talla. Kada kuma a hana shi motsi don tausayi, ƙafar da ba ta tafiya ita ke saurin mutuwa. Wanda ya taɓa faɗuwa sau ɗaya, shi ya fi kusa da sake faɗuwa.

Ga hukumomi kuwa, ranar da wani kamfani ko wata ƙungiya ta zo da irin wannan na'ura, ga tambayoyin da za a yi kafin a sa hannu. An gwada ta a jikin tsofaffi masu zaman tabarma? Kwana nawa batir ke yi? Tana aiki in rezo ya yi rauni? Da wane harshe take magana? Wa take kira, kuma wa zai biya in kuɗin shirin ya ƙare? Wa ke riƙe da bayanin inda mutum yake? Wanda ya kasa amsa waɗannan, kaya yake sayarwa kawai.

In an iske tsoho a ƙasa

Kada a yi gaggawar cicciɓarsa. A yi masa magana, a duba numfashinsa, a tambaye shi inda ke ciwo. In ƙafa ɗaya ta gajarce ta karkata waje, ko ya kasa ɗaga ta, alamar karayar ƙugu ce. Kada a tsayar da shi, kada a ja ƙafar, kada a ɗora shi kan babur. A zura shi a hankali kan ƙyaure ko faffaɗan katako, a sa a amalanke ko mota. In ya bugu a kai yana amai ko yana yawan gyangyaɗi, ko bakinsa ya karkace, ko maganarsa ta sarƙe, a nufi likita nan take. Kafin a tashi a rufe shi in ana sanyi, a yi masa inuwa in ana rana.

In kuwa bai ji rauni ba, a bar shi ya huta, ya mirgina gefe ɗaya, ya durƙusa kan gwiwoyi da hannaye, ya rarrafa zuwa abu mai ƙarfi kamar gado ko kifaffen turmi, ya dafa ya kafa ƙafa ɗaya, ya miƙe a hankali ya zauna. Yana da kyau a koya wa tsofaffi wannan tun suna lafiya. Ko ya tashi ƙalau, a sanar da ma'aikacin lafiya, domin faɗuwa takan zama sallamar wata cuta da ke tafe.

Majalisar Ɗinkin Duniya ta ware shekarun 2021 zuwa 2030 domin lafiyar masu manyan shekaru, ta kuma sa ranar 1 ga Oktoba ta zama ranar tsofaffi. Zai yi kyau a ce kafin ranar ta sake zagayowa, kowane gari na Yekuwa da sauran ƙasar Magarya da Dungas yana da littafinsa na tsofaffi da masu leƙa su. Garin da ya yi haka, in na'ura ta iso za ta tarar da masu amsa kiranta. In ma ta yi jinkiri, tsohonsa ba zai kwana a ƙasa ba. Waɗannan mutane su suka haƙa rijiyoyin da muke sha, suka share gonakin da muke nomawa. Kowa ya daɗe zai ga daɗau, matashin yau kuwa shi ne mai sandar gobe. Allah ya ba mu ikon sauke haƙƙinsu, ya sa mu gama da iyayenmu lafiya.